Littafin da ba ya shiga rabon gado

Littattafai ne suka fi cin lokaci ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Gida da gonar hanyar Dass an gama da su kafin azahar, don kowa ya san iyakarsu. Da aka zo kan adakoki biyu na ƙarfe da ke ƙuryar ɗakinsa kuwa, sai da muka kai la'asar sakaliya. Baffanmu ne ya zauna a kan buzu, tabarau a karan hanci, ana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Akwai bugun Masar masu rawayar takarda, akwai bugun Beirut masu kwali, ga wasu warƙoƙi rubutun hannu a cikin gafaka da gara ta ɗan lasa. Kowanne sai ya buɗe shafin farko ya duba, ya yi masa kuɗi, ƙanena yana rubutawa. Can sai ya tsaya a kan wani mai mujalladi uku, ya daɗe yana kallo, sannan ya ture shi gefe.

Na ce, "Baffa, wannan fa?"

Ya ce, "Wannan ba namu ba ne, aro ne. Ga sunan mai shi nan da hannunsa."

Mai littafin ya riga Baba rasuwa da shekaru. Washegari ni aka aika unguwar Jahun, a nan cikin garin Bauchi, na kai wa 'ya'yansa, suna ta mamaki, don ba su ma san da shi ba. Wasu littattafan aka yi wakafinsu ga masallacin unguwa. Ni kuma abin da ya faɗo rabona har da wani littafin nahawu da Baba ya cika gefen shafukansa da ƙananan rubutu na ajami. Na ara wa mutum uku shi tun daga lokacin. Biyu sun dawo da shi da kansu, ɗaya sai da na bi shi har gida.

Yanzu ni ma na fara tara furfura, kuma rabin abin da nake karantawa ba ya kan kanta. Yana cikin wata 'yar na'urar karatu ta hannu da wani abokina ya taho min da ita daga tafiya. Fuskarta kamar takarda take, ba ta kashe ido, caji ɗaya kuma yana kai ta makonni. Lokacin da Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu a ƙarshen Oktoban 2024, wayoyi duk sun mutu, masu cajin bakin titi suna cin kasuwarsu, ita ce ta ɗebe min kewa. Ban taɓa haɗa ta da kantin kowa ba. Da igiyar caji nake zuba mata littattafai daga kwamfuta, kamar dai yadda yaran nan masu tura fim a kasuwar Wunti suke cika wa mutane memori. Don haka maganar da zan kawo, ta wata ƙofa da kamfanin Amazon ya rufe wa masu sayen littattafan na'ura, ba ta ci min ko kwabo ba. Ta dai tuna min da zaman nan na Baffa, da tambayar da yake yi wa kowane littafi kafin ya yi masa kuɗi.

Ga abin da ya faru. Kamfanin Amazon, mai na'urar Kindle, wanda ya fi kowa cin kasuwar littattafan na'ura a Amurka da Ingila, ya daɗe da wata 'yar ƙofa a shafinsa. Idan ka sayi littafi, kana iya sauke shi a kwamfutarka, sannan ka jona na'urarka da igiyar USB ka tura. A tsakiyar Fabrairun 2025 aka sanar cewa za a rufe ƙofar, ranar 26 ga watan kuma aka rufe. Kwana goma sha ne tsakani. Mutanen da suka tara ɗaruruwa ko dubban littattafai suka yi ta kwana suna saukewa, ɗaya-ɗaya, don shafin bai ba da damar kwasa gaba ɗaya ba. Daga ranar, littafin da ka saya a wurinsu zai iso na'urarka ne ta waifai, kai tsaye daga rumbunsu, ko ka karanta shi a manhajarsu.

A yi adalci, ba a toshe ramin igiyar ba. Fayil ɗinka na kanka, wanda ka samo a wani wuri, har yanzu kana iya tura shi cikin Kindle. Abin da aka hana a lokacin shi ne ka riƙe kwafin abin da ka biya kuɗinsa a wurinsu, ka ajiye inda ka ga dama. Kamfanin bai yi dogon bayani ba, amma masu bin harkar sun san dawar garin. Fayil ɗin da ke fitowa ta waccan ƙofa tsohon samfuri ne, kwaɗon da aka sa masa, wanda ake kira DRM, bai da wuyar ɓallewa. Wanda ke zuwa ta waifai a sababbin na'urori kwaɗonsa ya fi tauri. Da wancan tsohon fayil mutane suke yin ajiyar ko-ta-kwana, da shi kuma suke kwashe littattafansu idan za su koma na'urar wani kamfani. Rufe ƙofar ya sa tashi daga gidan ya yi tsada. Wanda ya zuba shekara goma yana saye, in zai tafi, sai dai ya tafi da rigar jikinsa.

Na san abin da mai karatu a Bauchi zai ce. Wannan ai kukan daɗi ne. Mutum nawa ne a garin nan suke da Kindle? Mafi arharta a 2024 dala 110 ce, wato a canjin lokacin ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau biyu har da ɗoriya. Ko kana da ita ma, da me za ka sayi littafin? A 2022 bankunanmu suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya yawancinsu suka dakatar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Ɗaliban manyan makarantun da ke Yalwa da Gubi da Gwallameji a Tecno da Infinix suke karatu, kuma PDF ɗin da wani ya jefo a zauren aji suke karantawa. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka. A harkar fasaha, abin da babba ya yi ya kwana lafiya shi ƙanana suke kwaikwaya, kuma mu ƙanana muke hulɗa da su kullum. Manhajojin sayar da littattafan Hausa, da na darussa, da na jarrabawa, da yawansu a kan wannan tsarin aka gina su: ka biya, ka karanta a cikin gidanmu, ba ka fita da komai.

Kuma ko a kan Kindle ɗin kanta, mu ne irin mutanen da aka yi waccan ƙofa dominsu. Na'urorin farko, tun daga ta 2007, ba su da waifai, da layin waya suke aiki, igiyar kuma ita ce mafita ga wanda sabis bai kai wurinsa ba. Wanda ya yanke shawarar rufewa yana zaune ne inda waifai yake kamar iska. A nan, malamin da aka tura wani ƙauye a Ningi ko Darazo yakan shigo gari ƙarshen wata, ya sauke abin da zai sauke a inda ya samu sabis, ya koma. Wata guda kafin a rufe ƙofar, a Janairun 2025, hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk tsarin da ya ce sai ka nemi izini daga wani rumbu a ƙetare kafin littafinka ya iso hannunka, mu ya fi yi wa tsada.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kalmar da ke jikin madannin. An rubuta "saya". Ka danna, kuɗi ya fita. Amma a can cikin sharuɗɗan da ba wanda ke karantawa, an faɗa ƙarara cewa ba sayar maka aka yi ba, lasisin karantawa aka ba ka. Ba ka da ikon sayarwa, ko bayarwa, ko miƙa wa wani. Asusun ma naka ne kai kaɗai, ba a gadonsa.

Duk wanda ya ɗan zauna a zauren malam ya san an daɗe da warware wannan a wurinmu. Ciniki daban, haya daban. A ciniki, abin da kansa ne yake komawa hannunka. A haya, amfaninsa kawai ka mallaka. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan cinikin da aka gindaya masa sharaɗin da ya rushe manufarsa, kuma misalin da Shaihu Khalil ya kawo a Mukhtasar shi ne a sayar maka da abu bisa sharaɗin kada ka sayar. Ba fatawa nake bayarwa ba, ba hurumina ba ne. Ina dai cewa kakanninmu da suka yi fatauci da jakuna sun gane cewa wanda ya sayar maka da akuya ya riƙe igiyarta bai sayar ba. To a ce haya ce. Ita ma haya ai tana da wa'adi sananne. Mai shagon da ke ba matan aure hayar littattafan soyayya a da, yakan ce kwana biyu, naira kaza, kuma ba ya karɓar kuɗin sabon littafi. A nan kuwa kuɗin saye ka biya, wa'adin kuma yana hannun mai kaya, ranar da ya ga dama ko ranar da ya karye.

Kada a ce zato ne. A Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge littattafai biyu na George Orwell da suka saya, saboda wanda ya sa su a kasuwar ba shi da haƙƙin sayarwa. Ɗaya daga cikinsu, 1984, labarin gwamnatin da ke shafe rubutu ta sauya tarihi ne, abin kamar da gangan. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin a lokacin, Jeff Bezos, da kansa ya ba da haƙuri, ya kira matakin wauta. Amma akwai wani ɗalibin sakandare a jihar Michigan da yake karanta littafin don aikin makaranta, yana ta rubuta bayanansa a jikin shafuka. Da littafin ya tafi, bayanan suka zama marayu, suna nuni ga layukan da babu su. Ya kai ƙara, aka sasanta a kan dala 150,000. Duk lokacin da na tuna yaron nan sai na tuna ajamin Baba a gefen littafin nahawu. Kuɗin littafin Baffa ya iya ƙiyastawa. Rubutun gefen bai ma gwada ba.

Shekara goma bayan haka, a 2019, Microsoft ya gaji da sayar da littattafai. Ya rufe kantin a Afrilu, a Yuli kuma littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa. Shi ma ya mayar da kuɗi. A gida Najeriya, OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, inda marubutan Hausa da dama, musamman mata, suka samu kasuwa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ban ga laifinsu ba, shekara goma suna fama a ƙasar da takarda da data da dala duk suka fi ƙarfin mai karatu. Kasuwa ce ta tashi. Sai dai kantin littafin takarda idan ya rufe, ba ya biyo ka gida ya kwashe na kan kantarka.

Jihar Kalifoniya ta ga wannan ta yi doka, wadda aka sa wa hannu a Satumban 2024 ta fara aiki a farkon 2025. Dokar ba ta hana kowa ba da lasisi ba. Ta ce ne kawai kada ka rubuta "saya" a kan kayan na'ura sai ka bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Ta kuma keɓe wanda ya ba mai saye damar sauke kayan ya ajiye har abada ba tare da intanet ba, shi yana iya cewa ya sayar. Ma'aunin nan ya yi min. Shi ne dai ma'aunin Baffa.

Yanzu bari in juyo kan namu, don nan ne maganar take da ƙaya. Addata, wadda nake bi, ba ta da abin da take so kamar littattafan Hausa na waya. Wata rana na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, waya a jingine da kwano. Na leƙa. A saman shafin, kafin labari ya fara, marubuciyar ta rubuta da manyan haruffa cewa littafin na kuɗi ne, naira ɗari biyar, duk wadda ta karanta ba ta biya ba, ko ta fitar mata da shi, ba ta yafe ba, Allah ya isa.

Na ce, "Adda, kin biya kuwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Wannan na biya. Na jiya ne dai aka turo min."

Kwaɗonmu ke nan, Allah ya isa. Kuma kowa ya san iya inda yake kaiwa. Marubuciya ta kwana tana buga labari da babban yatsa, yara suna barci, mutum ɗari su biya, kafin gari ya waye wata ta kwafe ta watsa a zaure goma. Mun kuma ga abin da ya samu Kannywood. Kasuwar faifai ta mutu a hannun masu turawa a memori, har masu shirya fim suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Duk wanda zai yi wa marubucin Hausa wa'azin ya saki fayil a buɗe, to ya fara kallon wannan da idon basira. Wanda ya gina manhaja ya kulle littafi a ciki ba mugu ba ne. Gudun ɓarawo yake yi.

Duk da haka ina ganin kwaɗon bai biya kuɗin sabulu ba. Ɓarawon littafi mutum ɗaya ake buƙata. Ya ɗauki hoton fuskar waya shafi-shafi, ko ya sa yaro ya sake bugawa, shi ke nan, an gama. Littattafan da suka fi kowanne kulluwa a duniya suna yawo a intanet kwanaki kaɗan bayan fitowarsu. Wanda ya karɓi na sata yana da fayil da zai buɗe a kowace waya, ya ajiye a memori, ya karanta a ƙauye ba sabis. Wanda ya biya shi ne yake fama da shiga asusu, da mantuwar lambar sirri, da sabunta manhaja, da wayar da ta cika. Wato an wayi gari kayan sata sun fi na halal inganci. Ba a taɓa gina kasuwa mai ɗorewa a haka ba. Masu sayar da waƙa sun gane wannan tun tuni, Apple ya cire kwaɗo daga waƙoƙin iTunes a 2009. Kamfanin ɗab'i na Tor, babba a fagen ƙagaggun labaran kimiyya, ya cire nasa a 2012, kuma bai rufe ba.

Akwai hanya ta tsakiya da na fi so, wadda manyan kamfanonin ɗab'i na Jamus suka koma wa tun wajen 2015. Ba a kulle fayil ɗin, amma ana buga masa hatimin wanda ya saya, a fili ko a ɓoye. Naka ne, ka kai shi duk na'urar da kake so. In ya ɓulla a kasuwar ɓarayi, an san ta ƙofar da ya fita. A al'ummar da kunya take da sauran daraja, ina jin wannan zai fi Allah ya isa aiki. Matar da ta san sunanta da lambarta suna ƙasan kowane shafi za ta yi tunani sau biyu kafin ta tura wa zauren ƙawayen amarya. Mai niyyar sata zai goge, na sani. Amma yawancin masu fitar da littafi ba 'yan fashi ba ne, masu neman a ce sun kyauta ne.

Jamusawan sun yi wani abin kuma. A 2013 manyan masu kantunan littafinsu, irin su Thalia da Hugendubel, suka haɗa kai da kamfanin sadarwa na Deutsche Telekom suka fito da na'urarsu, Tolino, mai karɓar littafi daga kantuna daban-daban. Abokan hamayya ne a kasuwa, amma suka ga in ba su haɗu ba za a cinye su ɗaya-ɗaya. Ba na cewa masu sayar da littafi a Bauchi da Gombe da Kano su ƙera na'ura. Amma su yarda da samfurin fayil ɗaya, wanda littafin da aka saya a nan zai buɗu a can, wannan ai bai fi ƙarfinsu ba. Samfurin ma yana nan, EPUB, ba mallakin wani kamfani ba ne. Ya fi PDF daɗi a ƙaramar waya nesa ba kusa ba, don rubutun yana bin faɗin fuskar wayar, ba sai kana ja da yatsa hagu da dama kamar mai tankaɗe ba.

Wanda yake da halin sayen na'ura kuma yake tambayar wacce, ga abin da zan ce a taƙaice. Kobo, kamfanin Kanada da Rakuten na Japan ya saya, tana karanta EPUB kai tsaye, kantinta kuma yana barin ka sauke abin da ka saya a kwamfuta. Ba waliyyiya ba ce, yawancin littattafan manyan kamfanoni a can ma da kwaɗon kamfanin Adobe suke zuwa. Akwai PocketBook, akwai Boox ta China mai aiki da Android. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya bar wani ubangida ya kama wani. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana karɓar fayil daga ko'ina, ko kuma kantin yana sakin fayil. Sannan ka gwada ta da rubutun Hausa, don wasu salon haruffan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga akwati-akwati a tsakiyar kalma. Tawa sai da na zuba mata wasu haruffan kafin ta daina mayar da kalmar "ƙasa" wani abu dabam.

Abin da ya fi na'urar muhimmanci kyauta ne. Calibre manhaja ce ta kwamfuta da wani Ba'indiye, Kovid Goyal, ya fara a 2006. Ita ce adakata. Tana jera littattafai, tana juya fayil daga wannan samfuri zuwa wancan, tana tura shi na'ura ta igiya, ba ruwanta da intanet. Abin zubawa kuma bai yi kaɗan ba. Rumbun littattafai na kyauta na Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara tun 1971, yana da littattafai sama da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Ɗaliban ilmi a garin nan sun daɗe da sanin manhajar Shamila, dubban littattafan Larabci a kwamfuta ɗaya, ba sabis ba data. Shafin African Storybook yana da labaran yara da Hausa da aka saki don kowa ya sauke ya buga. Sabon littafi kuwa, idan marubucin yana sayarwa da kansa ko mawallafinsa yana sayarwa ba kwaɗo, can ya kamata kuɗinka ya tafi, ko da ya ɗan fi tsada. Ɓalle kwaɗo dai ba zan koya wa kowa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta yi magana a kan haka, kuma ni ina ganin ƙin sayen abin da aka kulle ya fi saye a zo ana fasawa. Wanda ya saya ya fasa, ai ya riga ya sa wa tsarin albarka da kuɗinsa.

Mallaka tana da nata wahalar, kuma na ɗanɗana. Shekarun baya na tara littattafai da takardun aiki wajen shekara huɗu a filash ɗaya. Na kai shi wani shagon buga takardu, ya kwaso cuta, na dawo gida na tarar komai ya zama gajerun hanyoyi marasa kai ko'ina. Ba wanda zan kai ƙara. A ranar, da a rumbun wani kamfani littattafan suke, da na sake sauke su cikin minti biyar. Wannan ita ce gaskiyar da ke bayan cinikin, kuma saboda ita mutane da yawa suka yarda da shi da zuciya ɗaya: su suke ɗaukar nauyin ajiya. Ban raina wannan ba. Gara ma ta ci wasu warƙoƙin Baba, damina ta taɓa wasu. Sai dai gara ba ta da sharuɗɗan da take sauyawa da sanarwar kwana goma sha, kuma maganinta a hannuna yake. Me zai hana a ba mutum duka biyun, su ajiye kwafi, ni ma in ajiye? Haka abin yake kafin 26 ga Fabrairu, kuma ba a ji kamfanin ya talauce ba.

Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ta nuna tana iya tunkarar manyan kamfanonin waje idan ta so. Ba sai ta jira an yi mana irin ta Microsoft ba. Layi ɗaya ya isa: duk mai karɓar kuɗin ɗan Najeriya a kan littafi ko darasi ko fim na na'ura, ya rubuta a jikin madannin ko saye ne ko haya, in haya ce kuma ta wane wa'adi. Masu manhajojinmu na gida ma ba sai an tilasta musu ba. Su yi farashi biyu. Karatu a cikin manhaja na wata uku, ɗari biyu. Fayil mai hatiminka, naka har abada, dubu ɗaya. Adda za ta zaɓi na ɗari biyu a yawancin labaran, don ba ta maimaita su. Amma akwai biyu ko uku da na ji tana ba 'yarta labarinsu, waɗannan na tabbata za ta so ta ajiye. Jami'o'i da kwalejojinmu da ke biyan kuɗin rumbunan littattafan waje duk shekara su ma su riƙa tambaya, shekarar da kasafi bai fito ba, me zai rage a ɗakin karatun.

Bayan abin da filash ya yi min, yanzu kwafi uku nake ajiyewa. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wurin ƙanena a Azare, wanda nake sabuntawa duk lokacin da muka haɗu a sallah ko biki. Na ukun memori ne ɗan ƙarami kamar farce. Na naɗe shi a takarda, na rubuta abin da ke ciki da biro, na sa a ambulan, na jefa cikin adakar Baba da ta faɗo rabona, kusa da littafin nahawu. Babbar 'yata ta gan ni ina yi, ta ce, "Baba, wannan kuma na mene ne?" Na ce mata littattafai ne, kusan ɗari takwas, ban da guda shida da na ware a wata jaka na rubuta sunan masu su, don aro ne.